Ƙasan Takardar Da Na Naɗe

Abubuwa da yawa sun same ni a sana'ar gini, wasu ma yanzu sai an tuna mini kafin in gane su. Amma akwai guda ɗaya da na san ba zai bar raina ba har ranar da za a sa ni a ƙasa. Ba wani maƙiyi ne ya yi mini shi ba. Ni na yi wa kaina, da hannuna, a cikin wani ɗan shago a Yelwa ta ƙasar Yauri, kuma hassada ce ta sa ni.

A shekarun farko da aka ba mu jihar Kebbi ne. Lokacin kowa gini yake so ya yi. Ma'aikata sun dawo gida, 'yan kifi sun sami kasuwa, ga siminti kuma yana ta hawa kamar ba zai tsaya ba. Ni a lokacin ana kirana babban magini, kuma ina jin daɗin sunan. Gado na yi wurin mahaifina, Allah ya jiƙansa. Karatuna bai wuce firamare ba, amma idan na ja igiya na ɗora dutse, ko wanda ya fito daga babbar makaranta sai ya tsaya ya duba. Mahaifina ya koya mini wata hanya ta jera dutsen harsashi yadda ba ya zamewa ko ƙasa ta jiƙe, ya kuma koya mini in ɓoye ta. Idan muka zo wurin, sai ya aiki leburori ɗebo ruwa, mu biyu mu gama kafin su dawo. A haka na tashi, ina ganin abin da ka sani shi ne tuwonka, in ka nuna wa wani ka ba shi kwanonka ke nan.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar mahaifina, na girme shi da shekara huɗu. A gidanmu ya girma, shi ke miƙo mini laka ina kan bango. Tun muna yara kowa ke kiran ɗan'uwansa bawansa, har yau ba a raba gardamar ba. Shi ya ci gaba da karatu, ya yi makarantar koyon sana'a, ya tafi wasu garuruwa ya yi aiki shekaru. Da aka yi jiha sai ga shi ya dawo da kaya biyu: wani injin ƙarfe mai dogon hannu, da takarda guda ɗaya.

Injin na buga bulo ne, ba ya shan mai, ba ya son wuta. Jar ƙasa ake tankaɗewa, a sa mata siminti ɗan kaɗan, a yayyafa ruwa, mutum biyu su danna hannun, bulo ya fito santsi kamar sabulu. Takardar kuwa zanen gida ce: ɗaki biyu da baranda, harsashin dutse, rufi mai dogon baki don kada ruwan sama ya doki bango, tagogi suna kallon juna yadda iska za ta ratsa. An kuma bar gefe ɗaya yadda mai gida zai ƙara ɗaki in iyali sun ƙaru, ba sai ya rushe komai ba.

Gidan farko wani manomin shinkafa ya gina wa a hanyar Shanga. Mutane suka riƙa zuwa kallo kamar an kawo sabon abu kasuwa. Ni ma na je, amma na ce wa mai kabu-kabun da ya ɗauke ni a babur wucewa zan yi. Da tsakar rana ne, a watan zafi. Ina shiga ɗakin sai na ji sanyi kamar na sa kai cikin randa. Na shafa bangon, na ƙwanƙwasa shi, na duba kusurwa ko zan ga inda ta karkace. Ban samu ba. Na fito ina murmushi ina cewa ba laifi, amma a cikina kamar an zuba garwashi. Yaron da na koya wa riƙe cokalin gini!

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da na haɗiye. Abin da ya fi ƙona ni shi ne, bai ɓoye komai ba. Takardar ya kai ta shagon mai hoto-kwafi da ke kusa da tasha ya ajiye, ya ce duk wanda ke so a buga masa. Zanen injin ya raba wa masu walda, ya ce su ƙera su sayar. Ranar kasuwa kuma yakan zauna a wata rumfa, magina da kafintoci su kewaye shi, yana nuna musu yadda ake gwada ƙasa a cikin kwalba. Sharaɗinsa ɗaya ne tak: duk wanda ya yi gini da takardar ya gano wani abu, ko gyara ko kuskure, ya zo ya faɗa a rubuta a ƙasanta, don na baya ya amfana.

Wata rana bayan La'asar ya same ni a majalisarmu ta ƙofar gida, mutane cike. Ya gaishe ni, ya zaro takardar daga aljihu ya miƙo mini da hannu biyu.

"Bawana, ga taka. Na so in kawo tun tuni, na ga kamar kana gudu na."

Aka yi dariya. Na ƙi karɓa. Na tambaye shi ko a makarantar tasu ba a koya musu cewa mai sana'a ba ya raba sirrinsa a tasha ba. Sai ya gyara zama ya shiga yi mini bayani, a natse, kamar yadda yake yi wa kowa. Ya ce shi kaɗai ko zai mutu yana gini gida nawa zai yi a shekara? Amma in magina talatin suka iya, ƙauyukan bakin ruwa duka za su nemi irin gidan. Kowa zai buƙaci a gwada masa ƙasa, a ba shi hayar inji, a koya wa leburorinsa, kuma a nan shi zai ci abincinsa. Ya ce takarda ba ta ƙarewa don an kwafe ta, ƙaruwa ma take yi.

Maganar ta shiga kunnen mutane, na ga suna gyaɗa kai. Wannan ya ƙara tunzura ni. Na ce masa, "Riƙe abinka. Gidan laka ne aka shafa wa hoda. Mu haɗu bayan damina."

Ya mayar da takardar aljihu ya ce, "Tana nan tasha in ka huce."

Ina jin kunyar abin da zan faɗa yanzu, amma tun da na ɗauko sai in ƙarasa. Duk daminar nan, idan aka yi ruwa mai ƙarfi, ba gonata nake tunawa ba. Gidan hanyar Shanga nake tunawa. Da safe in fita in zauna inda masu kabu-kabu ke taruwa, ina kasa kunne ko wani zai ce bango ya faɗi. Ina salla, ina azumin nafila, amma ina fatan ɗakin wani bawan Allah ya rushe don kawai a ce ni ke da gaskiya. Damina ta wuce, gidan ko tsagewa bai yi ba. Matata ta lura da ni. Ta ce duk ranar da aka yabi taubashina a gabana ba na cinye tuwona. Na ce mata ciwon ciki ne. Ta ce ta sani, ta ma san sunan ciwon.

Bayan ruwa ya ɗauke sai wani masunci daga wani ƙauye a ɓangaren Ngaski ya zo gidana. Mutum ne mai kamar shekara ashirin da biyar, mai yawan fara'a. Ya ce shekaru yana tari don ya fitar da innarsa daga bukkar ciyawa, ta gaji da tashi duk shekara in ruwa ya matso, yana so ta ƙare kwanakinta a ɗaki mai ƙofa. Ya je wurin taubashina ya tarar aiki ya yi masa yawa, yana ma gini a ƙauyen da ke gaba da nasu. Shi ne aka ce ya zo wurina. Sai ya yi mini tambayar da ta soke ni, ba tare da ya sani ba:

"Maigida, ko ka iya irin na ƙanen nan naka?"

Na ce masa ai a hannuna ya koya, nawa zanen ma ya fi nasa, don ni na gyara kurakuran da ke ciki. Ƙarya ce tsagwaronta, ko kallon kirki ban taɓa yi wa takardar ba. Mutumin ya yi murna, muka sa rana.

Washegari na tafi shagon tasha. Na yi ta kewaye har na ga babu wanda na sani a ciki, kuma an kawo wuta. Mai shagon ya ciro takardar daga cikin wani kwali. Ta tsufa, ta sha hannu. Sama zane ne tsaf, da awo da komai. Ƙasa kuwa, kamar faɗin tafin hannu, cike yake da rubutu iri-iri, wani da biro shuɗi, wani da baƙi, wani boko, wani ajami, ga sunan taubashina a gefe. Ban karanta ko layi ɗaya ba. Sunan kawai na gani, idona ya rufe. Na kama ƙasan takardar na naɗe shi baya, na goge da farce ya kwanta, na ce a buga mini haka.

Mai shagon ya ce, "Malam, ka naɗe wurin bayanin. Kowa shi ya fi so."

Na ce, "Surutun 'yan koyo ne. Buga."

Ta fito fes, zane kawai, ƙasanta fari. Na ari bironsa na rubuta sunana a wurin da manyan baƙaƙe. Inji kuma na samo wurin wani mai walda, wanda ya ƙera shi da zanen da taubashina ya ba shi kyauta. Wato komai nawa nasa ne, amma na fita daga garin ina jin kaina kamar na ci yaƙi.

Ƙauyen yana bakin tafki, sai an shiga jirgin inji. Masuncin ya nuna mini inda yake so, wani ɗan tudu mai kyau kusa da inda suke ɗaure jirage, yadda innarsa za ta zauna a baranda tana ganin masu dawowa daga su. Ƙasar wurin ja ce, mai kyau. Ruwa yana can ƙasa, da nisa. Ina cikin buga turaku sai ga tsohuwar ta fito tana dogara sanda, 'yar ƙarama, idonta ɗaya ya yi fari. Na durƙusa na gaishe ta. Ta tambayi ɗanta abin da ake aunawa, ya gaya mata. Sai ta ɗaga sandar ta nuna wata tsamiya da ke sama da mu, kamar taku arba'in.

"Ɗana, ka ga ƙarfen da ad jikin tsamiyar can? Uban wanga shi ya kafa shi. Nan muka ɗaure jirgi shekarar da na haife shi. Baƙin ruwa na zuwa har can."

Ga wanda bai san ƙasarmu ba, kogin da ke zuba cikin tafkin nan sau biyu yake cika. Akwai farin ruwa na damina, mai laka. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke tahowa daga ƙasashe masu nisa, ya iso mana da sanyi, lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu. Shi ne ke cika tafki ya kai shi maƙura. Duk ɗan Yauri ya san wannan, ni ma na sani. Sai dai an yi shekarun fari masu yawa a jere, ruwan bai ƙara kai inda yake kaiwa da ba, har mutane suka saba. Ɗan nata ya yi dariya ya ce tun da ya yi wayo bai taɓa ganin ruwa ya taɓa tudun nan ba. Ya juyo ya dube ni, ni mai takarda, in raba gardama.

Da na ce a matsa sama, da shi ke nan. Taku arba'in ne kawai. Amma na riga na buga turaku, kuma a raina ina tsere da taubashina, ina so in rufe nawa kafin ya rufe nasa a ƙauyen gaba. Na buɗe takardar na nuna wa tsohuwar da ba ta karatu, na ce, "Inna, wannan ginin zamani ne, da siminti a ciki. Ko ruwan ya zo sai dai ya gaishe shi ya koma."

Ta ce, "To. Ku ad da ilimi." Ta juya ta tafi.

Ban tsaya nan ba. Dutse sai an ɗauko shi a jirgi daga nesa, yana cin kwanaki, sai na rage tsayin harsashin, na tsaya a jeri biyu a saman ƙasa. Na dai jera shi irin na mahaifina, bayan na aiki leburori ɗebo ruwa. Muka buga bulo, muka ɗora, muka rufe. Na riga taubashina da kwana shida, na ƙirga su. Gidan ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Ranar da tsohuwar ta shiga, ta shafa bangon ta sa mini albarka. Na koma Yelwa ina ba da labari a kowace majalisa, ina cewa yanzu an ga mai asali.

Wata biyu da 'yan kwanaki, sanyi ya kankama, sai wani mai jirgi ya kawo mini saƙo da safe: in zo, ruwa na matsowa. Na je ina ce wa kaina tsoron ƙauyawa ne. Tun daga cikin jirgi na ga inda muka tara ƙasa ya nutse. Wurin da na tsaya na buga turken farko, agwagi ne ke iyo a kai. Tsakanin ruwa da bangon baya bai fi taku biyar ba.

Baƙin ruwa ba ya zuwa da hayaniya. Babu hadari, babu iska, rana tas a sama. Ka kafa kara a bakinsa da safe, da yamma ka tarar ya shanye shi ɗan yatsa uku. Kwana huɗu na yi a ƙauyen ina kallon wannan. Muka cika buhuna da yashi muka jera, ruwan ya ɓullo ta ƙarƙashinsu. Ya hau jerin dutse na farko, ya hau na biyu, ya taɓa bulo. Na ga jan bangon yana komawa baƙi-baƙi daga ƙasa, jiƙar tana hawa a hankali. Na sa farce, ya shiga. A rana ta uku muka fitar da tsohuwar da kayanta, gadonta da tukwanenta da 'yar akwatinta, muka kai gindin tsamiya. A rana ta huɗu da hantsi bangon baya ya tsage daga taga zuwa ƙasa, ya ɗan tsaya kamar yana shawara, sannan ya zauna cikin ruwa. Rufin ya biyo shi ta gefe ɗaya.

Babu wanda ya yi ihu. Masuncin ya tsuguna ya riƙe kansa. Tarin shekarunsa ne ke narkewa a gabansa, ruwan wurin ya koma ja. Tsohuwar tana zaune a kan gadonta a fili, ƙarfen nan na jikin tsamiya saitin kanta. Ta kira ni da hannu. Na zo ina jiran zagi, ina ma fatan ta zage ni.

Ta ce, "Ɗana, ruwan ya gaishe shi?"



Bayan Azahar sai ga jirgi ya tsaya, taubashina ya sauko yana naɗe ƙafar wando. Labari ya kai masa a ƙauyen gaba. Ya gaida tsohuwar, ya yi wa masuncin jaje, ya shiga ruwan har gwiwa ya zagaya gidan. Ya daɗe a sunkuye yana laluba harsashin da hannu. Da ya fito sai ya ce in ba shi takardar da na yi aiki da ita. Mutanen ƙauye sun taru. Na so in ce na bar ta gida, amma masuncin ya riga ya nuna aljihuna. Na ciro na ba shi.

Ya buɗe. Ya dubi zanensa, ya dubi farin wurin da ke ƙasa, ya dubi sunana da manyan baƙaƙe. Na ga lokacin da ya gane. Bai ɗago ya dube ni ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Ya ciro tasa daga aljihu, ya ce wa masuncin akwai wani bayani da wani dattijon masunci ya sa aka rubuta tun bara. Shi ne layi na biyu a ƙasan takardar, daidai inda farcena ya bi. Ya karanta a fili: in za ka yi gini a bakin tafki, kada ka tambayi saurayi inda ruwa ke tsayawa, ka nemi wanda ya ga baƙin ruwa kafin shekarun fari, ka gina sama da inda ya nuna, harsashin dutse kuma ya kai gwiwa.

Tsohuwar ta ce, "Ashe takardar ma ta san abin da na sani."

Masuncin ya miƙe ya dube ni. Fara'ar nan tasa babu ita. Ya ce, "Maigida, kai ka ce ka gyara ta. Mi ka gyara?"

A nan ne na faɗi gaskiya, ba don ina da kirki ba, sai don babu sauran inda zan ɓuya. Na ce takardar ba tawa ba ce, ta ƙanena ce. Ya ba ni da hannunsa na ƙi karɓa, na je na kwafa a ɓoye, na naɗe ƙasanta don kada sunansa ya fito. Na ce tsohuwa ta gaya mini, na raina ta. Na ce gidan yana wuyana, zan sake gina shi, ba zan karɓi komai ba. Ana jin ruwa yana lasar sauran bangon.

Taubashina ya ja ni gefe, bayan wani jirgi da aka kife. Na ɗauka yanzu zai rama duk abin da na yi ta faɗa a kansa. Sai ya ce, "Bawana, kai kaɗai na sani da ke satar abin da aka ba shi kyauta." Ya ɗan yi dariya, ni ban yi ba. Sannan ya ce akwai abin da ya ɗaure masa kai. Bango ya tafi, ƙasa ta zama kunu, amma dutsen harsashina ko ɗaya bai motsa ba. Nasa, in ƙasa ta jiƙe haka, yakan buɗe a kusurwa, ya rasa maganin abin. Ya ce tun yana yaro ya san akwai abin da ni da kawunsa muke yi in mun aike shi ɗebo ruwa.

Ku ji halin ɗan Adam. Ina tsaye cikin kunyar da ban taɓa shiga irinta ba, mutumin nan ya rufa mini asiri iyakar iyawarsa, amma abin da ya fara zuwa raina shi ne: ashe akwai abin da na fi shi, kada in ba shi. Har ma na ji haushin kirkin nasa, don ya ƙara nuna ya fi ni. Abin da ya karya ni, na hango tsohuwar tana ƙoƙarin jawo zane ta rufe ƙafafunta saboda sanyi, a kan gado, a fili. Na tsuguna na tattara 'yan duwatsu, na nuna masa yadda ake sa dogo ya ratsa jerin ya ɗaure ciki da waje, da yadda ake haɗa kusurwa. Abin da muka ɓoye tun zamanin kakana, ban yi minti goma ina nuna shi ba.

Ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan."

Ya ce, "To duka biyu za ka rubuta a ƙasan takardar. Wannan da wancan." Ya nuna gidan da ke cikin ruwa.

Mun sake ginin sama da tsamiya, inda tsohuwar ta dangwala sandarta. Taubashina ya kawo injinsa da mutanensa na kwana uku, sauran ni na yi. Dutsen da kaina na riƙa ɗauko shi daga jirgi, ina hawa tudu, matan ƙauye na kallo. Masuncin bai ƙara sakin fuska da ni ba har muka gama, kuma ban ga laifinsa ba. Tsohuwar ta shiga ɗakinta kafin zafi, ta yi shekara uku a ciki kafin Allah ya karɓi abinsa. A Yelwa kuwa labari ya riga ni isa. Na yi kusan shekara biyu ba a kira ni babban aiki ba, waɗanda suka fara kirana kuma taubashina ne ya turo su.

Ranar da na koma shagon tasha, mai shagon ya ciro takardar, ya miƙo mini biro. Alamar naɗin da na yi tana nan. Na rubuta yadda ake ɗaure dutse, na yi ɗan zane. A ƙarƙashinsa na rubuta cewa wani magini ya naɗe wannan wuri bai karanta ba, ya gina wa tsohuwa ɗaki ƙasa da inda ta nuna, baƙin ruwa ya cinye shi cikin kwana huɗu. Ban sa suna ba. Wannan karon hannuna bai so ba.

Shekaru da yawa bayan haka, taubashina ya riga ya rasu, na bi ta wani ƙauye a ƙasar Shanga na ga ana gini da jan bulo. Na tsaya. Maginin, mutum mai furfura a gemu, yana jera harsashi irin na mahaifina, a gaban leburorinsa, yana ma nuna musu. Na tambaye shi inda ya koya. Ya ciro wata takarda da aka kwafa aka sake kwafa har rubutun ya yi kauri, bayanan ƙasa sun cika sun koma shafi na biyu. Ya nuna mini rubutuna. Ya ce wannan na sama ko wane ne ya rubuta shi gwani ne. Na ƙasan kuma labarin wani sakarai ne, yakan karanta wa duk wanda ya zo koyo wurinsa.

Na ce masa, "Duba da kyau, hannu ɗaya ne."

Ya kai takardar kusa da ido, ya duba, ya ɗago ya dube ni. Na yi masa sallama na hau babur.

Ba zan ce hassada ta bar ni gaba ɗaya ba. Har yau in aka ambaci taubashina aka ce shi ya kawo gidan jan bulo ƙasar nan, nakan ji wani ɗan abu ya motsa a ƙirjina, sai in yi istigfari in yi masa addu'a. Amma na san abin da take yi wa mutum, don na gani da idona. Ba ta rage wa taubashina komai ba. Ni ta hana karanta layi biyu da aka ajiye mini kyauta, wadda ta kwana a fili kuma tsohuwa ce da ba ta san ma muna gasa ba. Tun daga ranar, in aka miƙo mini abu mai amfani, ba na fara duba sunan wanda ke jiki. Karantawa nake yi har ƙasa.